Gwangwanin Kabon Daga Kano Zuwa Babura

Da asuba muka bar Kano cikin watan Janairu, ni da maigidana Baba, dattijon da na koyi gyaran lifta a hannunsa. Hazo ya lulluɓe hanya tun daga Dawanau har Ɗambatta, direba bai kashe fitila ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ɗan ƙanensa mai walda ne ya kira daga Kazaure, wai janaretansa yana tashi lafiya amma ba wuta, kuma an yanke masa kuɗin sake naɗa kwayil. Baba bai ɗauki akwatin aiki ba. Gwangwanin madara ya sa a aljihu, cike da kabon manya da ƙanana, sai samfefa mai laushi da sukuddireba.

A mota yake tuna mini ɗakin injin da ke saman wani tsohon bene a Kano, inda na fara shaƙar ƙurar kabon. Liftocin da can suna aiki ne da tsarin da Ba'amurke Harry Ward Leonard ya fito da shi a 1891: wutar gari ta juya mota, motar ta juya janareta, janaretan ya ba injin jan igiya wutar DC, yadda ɗakin lifta zai tashi a hankali ya kuma tsaya daidai bakin bene. Duk wutar nan ta kan 'yan guntayen gawayin nan, wato kabon, take bi, waɗanda sifirin ke dannawa a jikin zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga. Yanzu sababbin lifta sun koma kan inbata, an sauke waɗancan injuna.

Kazaure ba garin lifta ba ne. Duwatsu ne suka fi komai tsayi, ga ruwan dam kwance a gefen gari. Amma da aka kwance murfin bayan janaretan, sai ga abin da muka sani. Kabon biyu ne, ɗaya ya cinye har sifirin ya fara gogar zobe, ya yi masa zane.

"Baba, ashe ba kwayil ba ne?"

"Sunsuna ka ji, ɗana. Kwayil in ya ƙone ba ya ɓuya."

Ya goge zoben a hankali, ya hure ƙura. Sannan ya yanki siririyar samfefa ya naɗa a zoben, yashin yana kallon sama, ya ɗora sabon kabon, yana jan takardar ta inda injin ke juyawa, har bakin kabon ya ɗauki lanƙwasar zoben. Nan ne gaggawa ke cutar masu gyara. Kabon da bai zauna ba da gefe ɗaya yake taɓawa, ya yi zafi, ya yi ta tartsatsi. Ya hana a kawo baƙar takardar goge ƙarfe, don burbushinta na ɗaukar wuta, yana kuma nutsewa a jikin jan ƙarfe. Wani yaro da ya ce lantarki yake karanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ya tsuguna tun farko bai ɗaga ba. Aka ja igiya, mita ta hau 220, mai walda ya dafe kai yana salati.

Labari ya riga mu zuwa Roni, muka duba kik ɗin wata tsohuwar a-kori-kura muka wuce. A Gwiwa ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wani rewaya ya fasa tsohon batirin tocila, ya zare sandar gawayin ciki, ya fiƙe ta ya sa wa giranda. Ban raina masa ba, domin hannunsa na da kyau, kuma babu inda zai sayi na ainihi kusa. Sai dai wannan gawayi ya cika tauri, zoben yake ci. Baba ya nuna masa launin da ake so a zobe, ruwan ƙasa mai sheƙi kamar bayan dabino, ya ce kada ya kuskura ya kankare shi don neman ƙyalli, wannan fatar ce ke sa kabon sulɓi. Ya zazzage masa guda huɗu a tafin hannu.

Washegari muka yi gabas zuwa Babura, dab da iyakar Nijar, iska na tsaga leɓe. Mai injin cajin waya ya yi ƙorafin cewa kabon ba ya daɗewa da hunturu, yana zargin jabu ake sayar masa. Wataƙila, amma akwai wani dalili. Gawayin nan sai da ɗan laima a iska yake santsi. In iska ta bushe ƙayau, sai ya riƙa zubewa kamar gari. Jiragen yaƙin duniya na biyu sun gamu da haka a can sama, inda kabon ke ƙarewa cikin sa'o'i. Ga kuma yashin da fankar injin ke zuƙowa.

Baba ya sa aka ɗauke janaretan daga kan rairayi aka ɗora bisa katako, ya ce a riƙa buɗe murfin duk Juma'a ana hurewa. Da la'asar muka shiga motar Kano, saura kabon biyu ke kaɗawa a gwangwanin.