Kwandon Bolga Ya Kama Hanyar Turai

A hutun makarantar da ya wuce mun kai ziyara Bolgatanga, inda kasuwa ke ci duk bayan kwana uku. Da hantsi muka tarar da kwanduna jibge, saƙar Frafra, ja da kore da shuɗi, gwanin ban sha'awa.

A nan muka yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibinmu ɗan Zango yana ɗaukar hotonsu da waya. A Instagram yake talla, masu saye kuwa suna Amurka da Jamus.

To, a ina gizo ke saƙar? Wajen aikawa. Kwando ba nauyi, amma yana cin wuri, kamfanonin aike kuma har girman kwali suke aunawa. Ya ce: "Malam, a karon farko kuɗin jirgi ya cinye riba har da uwar kuɗi." Yanzu jiƙa kwandunan yake yi, ya lanƙwasa su, su bushe sarai, sannan mota ta bi da su ta Tamale da Kumasi zuwa Ankara. In sun isa, mai saye ya yayyafa ruwa, kwando ya miƙe.

Jama'a, kakanninmu fataken goro tsakanin Salaga da Kano ba sa yanka farashi sai sun lissafa hanya. Kada waya ta mantar da mu wannan.