Gafara da Adalci a Bakin Dajin Kamuku

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mu Kiristocin wannan makaranta muna da al'ada ta karanta 'yan ayoyi daga Littafi Mai Tsarki kowace safiya kafin a kaɗa ƙararrawar shara. Karatun wannan zango ya bi da mu ta littafin Annabi Habakuk da Bisharar Luka, shi ne na ga ya kamata in faɗa muku abin da na tsinta.

Habakuk mutum ne da ya ga ta'adi ya cika ƙasarsa, shari'a ta raunana, ya kai kuka ga Ubangiji yana tambayar ranar da za a ji shi. Ɗan Birnin Gwari ba ya bukatar a fassara masa wannan kuka. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 don itatuwa da namun daji, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 an kashe mutane fiye da 40 a Gwaska. A watan Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Kawuna ma an kore masa shanun huɗa guda biyu, ya shekara uku bai taka gonarsa ba. Allah kuwa bai tsawata wa Habakuk don ya yi tambaya ba, amsa masa ya yi. Ashe kai kuka ga Mahalicci ba rashin bangaskiya ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. Kowa ya yi murna, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma wanda aka kashe wa uba fa, in ya haɗu da tubabbe a kasuwa, yaya zai yi? Yesu Almasihu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi musu addu'a. Wannan umarni ya fi dakon dutse nauyi, ga shi kuwa babu almajirin da aka ɗauke wa shi.

Labarin Zakka a Luka sura 19 shi ya warware mini matsalar. Zakka mai karɓar haraji ne da ya azurta da guminsu talakawa. Da Yesu ya sauka a gidansa, sai ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. Daga nan na gane gafara da adalci tare suke tafiya. Nawa shi ne in bar ɗaukar fansa. Na tubabbe shi ne ya mayar da abin da ya ƙwace. Na hukuma kuwa shi ne ta dubi gwauraye da marayu, kada a ce an yi sulhu alhali wanda aka cuta yana kwana da yunwa.

Daɗin daɗawa, yawancin waɗanda wannan masifa ta ci a ƙasarmu Musulmi ne. Abokin kwanana Musulmi ne, an sayar da gonarsu don a fanso mahaifinsa, shi ya sa kuɗin sabulu ma kan gagare shi. Ɗaukar gicciye kowace rana, a wurina, ya haɗa da raba garin kwakina da shi, da sa sunan gidansu cikin addu'ata.

Habakuk ya rufe littafinsa da niyyar yin farin ciki da Allah ko da gonaki sun ƙi, garke ya zama wayam. Kawuna ya koma gona da fartanya, bai sami shanunsa ba, bai kuwa daina zuwa sujada ba. Allah ya ba mu irin wannan zuciya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.