Labarin Tafiyata Zuwa Duwatsun Gashaka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wata tafiya da na yi cikin hutuna na watan Janairu.

Ni mutumin Ibi ne, a bakin kogin Binuwai aka haife ni, ruwansa na sha na girma, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina ruwan nan yake fitowa ba. Ran nan sai wani abokin aikina ya nuna mini takarda, wai ana neman masu aikin sa kai su raka ma'aikatan gandun dajin Gashaka-Gumti, su taya su aiki har mako biyu, ba albashi, sai abinci da wurin kwana. Na ce a rubuta sunana. Uwargida ta ce, "Malam, kai da ko gona ba ka zuwa?" Ban tanka mata ba, gama gaskiya ta faɗa.

Mu 9 muka taru a Jalingo, mota ta bi da mu ta Bali har Serti, inda babban ofishin gandun yake. Gandun nan shi ne mafi girma a Nijeriya duka, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, wani sashi a jihar Taraba, wani a Adamawa, gabas kuwa ya yi iyaka da Kamaru. A 1991 aka haɗa gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su gandun ƙasa guda. A da ƙasar nan tana hannun Jamus ne, har yanzu kufan ganuwarsu tana nan kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan yaƙin duniya na farko ta koma hannun Ingilishi, kuma ba ta shigo Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar 1961.

A ƙauyen Gashaka muka bar mota. Daga nan sai ƙafa. Aka raba mana kaya, wani adda, wani buhun gari, wani tanti. Da shugaban ma'aikatan ya ji ni akawu ne sai ya miƙo mini littafi da fensir, ya ce, "To, Malam, ga naka. Duk tarkon da aka cire ka rubuta shi, da wurin, da ranar." Na yi murna a zuciyata, ina tsammani na tsira da aiki mai sauƙi. Ashe mai rubuta tarko sai ya je har inda tarkon yake.

Muka yi tafiyar kamar sa'a uku zuwa Kwano, cikin kurmi, muna ƙetare rafuka. A nan ne masu ilmi suka kafa sansani wajen 2000, ƙarƙashin wani malamin jami'ar London, Volker Sommer, domin binciken halin birai. Babban abin da ya kawo su shi ne wanda mutanen wurin suke kira biri mai ganga. An ba shi sunan nan ne domin yakan bubbuga saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar tana tafiya nesa. Daren da muka sauka na ji shi da kunnena, har na tambaya ko biki ake yi a wani ƙauye, aka yi ta yi mini dariya. Ban gan shi da idona ba har muka dawo, amma an nuna mini sheƙarsa ta ganye can saman itace, gama kowace yamma sabuwa yake yi, an kuma nuna mini tsinkayen da yake gyarawa yana ciro zuma da kwarkwasa daga rami. Irin nan nasa ba a samunsa ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru, ya kuwa ragu ƙwarai.

Kwana huɗu muka yi muna neman tarko. Waya ce kawai, an lanƙwasa ta zarge, an ɗaure a jikin ɗanyen reshe a kan hanyar dabbobi zuwa ruwa. Ni sai in taka kusa da ita ban gani ba, ma'aikacin kuwa daga nesa zai ce ga ta can. Mai ɗana ta gada yake nufi ko mazo, amma waya ba ta zaɓe. A wani kwari muka iske mazo ya mutu a tarko har ya ruɓe, mai tarkon bai ko dawo ya duba ba. Abin nan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin ko mai farauta bai ci ba, ko dabbar ba ta tsira ba. A gefen gandun kuma na ga kututturan madobiya birjik, ragowar saran da aka yi shekarun baya ana kai katakon ƙasar Sin, kafin a sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta ƙayyade cinikinsu a 2017.

Sa'an nan muka kama hawa, ta Selbe zuwa Chappal Hendu. Da Fillanci hendu iska ce, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Tsawon dutsen wajen mita 2,000 ne. Kudu da shi akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijeriya, amma ba mu kai can ba. Takalman da na saya a kasuwa suka fasa mini dugadugai tun rana ta farko, sauran hanya da takalmin roba na aro na ƙarasa ta. Da dare kuwa sanyi ya hana ni barci, ni da na saba da zafin Ibi.

Jama'a, saman dutsen nan ba kurmi ba ne kamar yadda na zata. Fili ne na ciyawa, tudu bayan tudu, ga shanu suna kiwo. Kurmin yana maƙale ne cikin kwaruruka, kuma kowane kwari ka shiga sai ka iske ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin itatuwa, mai sanyi, garau, a tsakiyar rani. Shugabanmu ya ce in ɗiba in sha. Da na sha ya ce, "Malam, wannan zai riga ka isa Ibi." Gama rafukan nan su ne suke taruwa su shiga kogin Taraba, Taraba kuwa ya zuba a Binuwai sama da garinmu. Inuwar itatuwa da ruɓaɓɓen ganye su suke riƙe ruwan damina suna sakinsa kaɗan kaɗan. Inda wuta ta cinye kurmin, na gani da idona, kwarin a bushe yake, ƙasa ta zaizaye.

Aikinmu a can shi ne share layi tsakanin ciyawa da bakin kurmi, faɗin kamar taki goma, domin in wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Kwana biyar muna sara. Hannun da bai san komai ba sai alƙalami ya yi kanta.

Wani abu ya faru a nan wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Fulani suna zaune bisa duwatsun nan tun kafin a yi gandun, gama ƙudan tsando bai cika hawa can ba, kuma doka ta keɓe musu wuraren zama da kiwo a ciki. Wata yamma muka je gai da wani dattijo, aka kawo mana nono. Ni kuwa da ɗokin sabon ilmi na ce, "Baba, don me kuke sa wuta, alhali tana cin kurmi?" Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, kwana nawa za ka yi a nan?" Na ce saura uku. Ya ce, "Ni a nan aka haife ni. In ban ƙona tsohuwar ciyawa ba sabuwa ba ta fita, shanuna su rame. Ruwan nan da kake magana kuma, ni na fi ka bukatarsa." Kunya ta kama ni.

Daga baya shugabanmu ya bayyana mini cewa wuta iri biyu ce. Wadda aka sa da farkon rani, ciyawa da sauran danshi, ba ta da ƙarfi, takan mutu a bakin kurmi. Wadda aka sa a ƙarshen rani ita ce mai shiga ta kashe ƙananan itatuwa, kurmi ya riƙa ja da baya shekara shekara. Saboda haka maganar da ke tsakaninsu da makiyaya ta lokaci ce da wuri, ba ta hani ba. A ganina nan ne aikin yake. Mu baƙi mun share layi mun tafi, damina ɗaya za ta rufe shi. Wanda zai yanke shawarar ranar da za a ƙyasta ashana shi ne dattijon nan, kuma duk shirin da aka yi a ofis ba tare da shi ba, takarda ce kawai. Ni akawu ne, na san yawan takardun da suke kwance a durowa. Washegari ya aiko 'ya'yansa biyu da addunansu, kafin azahar sun share abin da mu huɗu muka yi yini muna fama da shi.

Wanda yake da niyyar zuwa cikin masu karatu, rani ne lokacinsa, gama da damina rafuka sukan cika su hana ƙetarewa. Ya fara neman izini a ofishin Serti, kada ya shiga ba tare da ma'aikaci ba. Ya riƙe bargo mai kauri, da maganin zazzaɓi, da tsohon takalmin da ƙafarsa ta saba da shi. Littafin tarko na mayar da shi ga shugabanmu a Gashaka, ya duba ya ce rubutun ya yi kyau, sai dai wurare uku na rubuta sunan kwarin ba daidai ba, ya gyara da hannunsa.

Ni ne naka,

Wani Akawu,
Ibi.