Zaren Gilashi da Tuwon Gidanmu

Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Akwai wani zaren gilashi wanda bai fi gashin kai kauri ba, amma shi ke ɗauke da maganganunmu da kuɗinmu zuwa ko'ina a duniya. Ana mai da saƙo ya zama walƙiyar haske, hasken ya bi cikin zaren da gudu.

Malaminmu na kimiyya ya gaya mana cewa da can hasken ba ya nisa sai ya dushe. A 1966 wani masani, Charles Kao, ya nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne sanadi. Da aka tace gilashi sai hanya ta buɗe. Duk da haka sai an kafa injin ƙara wa hasken ƙarfi bayan 'yan kilomitoci masu dama. A 2010 wayar MainOne ta iso Legas daga Fotugal ta ƙarƙashin teku, tafiyar kilomita wajen 7,000.

To, ina ruwan ɗan Goron Dutse da wannan? Yayana yana sana'ar POS a bakin titi, da ita yake ciyar da mu, da ita yake biya mini kuɗin makaranta. Ran 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, wayoyi huɗu suka tsinke a teku kusa da Kodebuwa. Ran nan mutane suka yi ta zuwa neman kuɗin cefanen buɗe-baki, inji ya ƙi. Yayana ya dawo gida hannu wofi.

Ba teku kaɗai ba ce matsala. A nan tudu, masu gyaran titi da masu haƙa kwata sukan datse zaren ba su sani ba, kuma ɗinke shi sai gwani da injinsa. Ga lungunan cikin birni matsattsu, ga bututun ruwa, ga katangun ƙasa. Kowace mita da aka haƙa kuɗi ce, shi ya sa kamfanoni suka fi son manyan tituna.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu dage da lissafi da kimiyya, don a samu masu ɗinkin daga cikinmu. Ku kuma iyayenmu, in za a yi haƙa a ƙofar gida, a fara tambayar abin da ke ƙasa. Allah ya taimake mu, amin.