Dambe a tafin hannu

A watan Oktoban 1974, sai ƙarfe huɗu na asuba Muhammad Ali da George Foreman suka shiga fage a Kinshasa, don kawai lokacin ya yi wa masu kallo a Amurka daidai. Mai son dambe a Kano ko Damagaram kuwa, galibi rediyo ce ta ba shi labari.

Yau wayar da ke aljihunsa ta ishe shi. Daren da Andy Ruiz ya doke Anthony Joshua a New York a 2019, kafin gari ya waye bidiyon faɗuwar ya zaga WhatsApp. Sai dai gutsuren da ake turawa na daƙiƙu kaɗan ne. Wanda ya tsaya a kansa zai iya mantawa cewa Joshua ne ya fara kai Ruiz ƙasa a zagaye na uku, kafin reshe ya juye da mujiya.

Damben gargajiya ma ya samu rabonsa. Tashar Dambe Warriors a YouTube ta kai shi idon baƙi a ƙasashe masu nisa, kodayake yawancinsu naushin kisa suke jira, ba kirari ko kiɗan kalangu ba.