Kalangu a Cikin Na'urar Wasa

Duk ɗalibin da ya soma karatun Hausar boko yakan ci karo da kalmar "fara". Haruffa huɗu ne, amma suna iya nufin ƙwaron nan da ake soyawa, ko soma aiki, ko launin riga. A bakin Bahaushe ukun ba sa rikicewa, domin karin sauti da tsawon wasali sun raba su. Takarda ce ta yi shiru a kai, ta bar wa mai karatu cikewa.

Irin wannan shirun na tarar a Zangon Kwatano, unguwar da fataken Hausawa suka daɗe suna sauka a cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin. Ɗan gidan da na sauka, saurayi mai gyaran waya, ya harhaɗa wa kansa na'urar wasan bidiyo mai suna Uzebox, wadda aka fitar da tsarinta kyauta a 2008 domin masu sha'awa su ƙera da hannunsu. Burinsa shi ne, da an kunna wasa, kalangu ya tarbi mutum da kirarin kakansa, wanda mahauci ne.

Fayil ɗin kiɗansa na MIDI ne, ƙa'idar da kamfanonin kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da ita a 1983. Babu sauti ko kaɗan a irin wannan fayil. Umarni ne zalla: ɗaga murya kaza, da ƙarfi kaza, sake ta bayan lokaci kaza. Rubutu ke nan, na'ura kuwa ita ce mai karatu. Shi ya sa ba shi da nauyi, ya kuma dace da Uzebox, wadda ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 4 ce kacal. Duk da haka sai an tace shi, an rage layuka 16 na MIDI zuwa 'yan muryoyin da na'urar ke iya fitarwa, sannan a mai da shi lambobi a cusa cikin manhajar wasan.

Wannan duka ya iya. Inda gizo ya yi saƙa shi ne layi na 10. Tun 1991 aka tsayar da jerin kayan kiɗa 128, aka keɓe wannan layin ga ganguna, inda kowace lamba ke kiran ganga daban maimakon hawa ko saukar murya. A ganina waɗanda suka tsara haka sun ɗauka ganga bugu kawai take yi. Kalangu kuwa magana yake yi: makaɗi ya matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, yana bin karin sautin kalmomi gaɓa bayan gaɓa.

"Malam," in ji saurayin, "bugun ya fita daidai, amma ba ya cewa komai."

Sai muka fitar da kalangun daga cikin ganguna, muka sa shi a layin da ake rera waƙa. Na rubuta masa kirarin da alamun karin sauti, kamar yadda muke yi a aji: sautin sama lamba babba, na ƙasa ƙarama, gaɓa mai nauyi ninkin marar nauyi wajen tsawo. Faɗau kuwa muka raba shi biyu, sama sannan ƙasa a cikin gaɓa guda, wanda dama haka masana suke fayyace shi. Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne gangarar murya a jimla, domin sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai tsayin na farko. Da muka bar su kai ɗaya, kirarin ya fito kamar karatun baƙo.

Bayan la'asar ya kunna wa kakarsa. Ta ƙarasa kirarin da bakinta tun na'urar ba ta kai rabi ba, sannan ta ce muryar dai ta sauro ce.