Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa Ba



Mu bakwai ne a ɗakinmu, kuma dukkanmu a Kano aka binne cibiyarmu. In aka tambaye mu 'yan ina ne, amsarmu ɗaya: Kanawa ne mu gaba da baya. Gaban gaskiya ne, domin mahaifinmu Bakano ne. Bayan ne muka daɗe muna rufewa.

Kakarmu ta wajen uwa, wadda muke ce wa Inna, Hausarta ba irin tamu ba ce. Makaranta lakwal take ce mata. In za ta lissafa cinikin daddawarta sai ta koma dala-dala, mu kuwa mu yi ta kwaikwayonta muna dariya. A cikin gida ke nan. A makarantarmu kuwa "ɗan Nijar" zagi ne, saboda haka in abokai suka zo suka ji maganarta, sai mu ce wata tsohuwa ce da ke zaune a gidanmu. Ta sha jin haka da kunnenta, ba ta taɓa tanka mana ba.

Da muka girma, mu biyu cikin jikokinta cutar rubutu ta kama mu, muka yi shawarar rubuta tarihin gidanmu. Abin da muka fara fitarwa, in kun gan shi, za ku rantse takardar neman aiki ce: an haife mu shekara kaza, mun yi firamare kaza, mun yi sakandare kaza. Shafi goma sha biyu, babu ƙarya ko ɗaya, kuma babu mu a ciki. Sai muka ce bari mu cike da hirar tsofaffi. A 2016, da azumi, muka riƙa ajiye waya a gefen tabarmar Inna bayan shan ruwa, dare uku a jere.

Ba ta san shekara da lamba ba. Cewa ta yi sun shigo Kano lokacin da aka canja kuɗi, mutane na rikicewa tsakanin fam da naira, kuma Diori bai faɗi ba tukuna. An fara kashe naira a Janairun 1973, sojoji suka kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974. Da haka muka gane cewa babban farin nan na 1973 ne ya taso su daga ƙauyensu, arewa da Damagaram, wajen Tanut. Ta ba mu labarin yadda shanu suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda mata ke tona gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, yadda aka sussuka ƙarangiya aka ci. Mijinta ya rasu kafin su taso. Ta sayar da tasoshin aurenta a Damagaram ta biya kuɗin mota, suka biyo ta Daura. Duk wannan tana faɗa ne kamar mai ba da labarin cin kasuwa.

A dare na uku ne lissafi ya ƙi fita. Ta ce da 'ya'ya biyar ta baro gida. Mu kuwa huɗu muka sani: mahaifiyarmu, Kawu, da ƙannensu mata biyu. Muka ce, "Inna, na biyar ɗin fa?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wancan yaron ai ya bi masu dabbobi." Saura akuya uku da raƙumi ɗaya suka rage musu, sai ta haɗa shi da wasu makiyaya da za su yi kudu neman ciyawa, a kan za su haɗu a Kano. Shekararsa goma sha biyu ko sha uku. Ba su haɗu ba.

Muka tambayi sunansa. Ta kalle mu kamar mun zage ta. Ɗan farinta ne, kuma Inna ba ta taɓa kama sunan ɗan fari ba, ko yana nan balle ba ya nan. Mahaifiyarmu tana 'yar shekara shida lokacin, Yaya kawai take ce masa. Kawu ya tuna mutanen gari na kiransa Ɗanjuma. Sunan yanka kuwa Inna kaɗai ta riƙe, ta tafi da shi a 2019, Allah ya jiƙanta.

Mun daɗe muna jin haushin wannan kunya. Daga baya muka lura ita ce dai ta raine mu. Ita ta hana mu sake tambaya, ita ta sa shafuka goma sha biyun nan suka fito fanko, ita ce ma ta sa har yanzu bakinmu ya fi sakewa da "mu" a kan "ni". Bahaushe in ya zo ba da labarin kansa, abu biyu ke tare shi: kada a ce yabon kai yake, kada kuma a ce ya tona asirin gida. Abin da ya rage tsakanin waɗannan biyun ɗan kaɗan ne.

Wataƙila shi ya sa tsofaffin labaran rayuwa da muke tinƙaho da su, baƙi ne suka zauna suka rubuta daga bakin masu su. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, wanda ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, wani Bature mai suna Schön ne ya rubuta labarinsa, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Baba mutuniyar Karo kuwa, Mary Smith ta ba labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwarta. Baba ta yi maganar aurenta huɗu, da rashin haihuwarta, da bayin gidansu, ba ta ɓoye ba. A ganinmu ta saki jiki ne don mai tambayar ba jikarta ba ce, babu kunya a tsakaninsu. Manyanmu da suka rubuta nasu da kansu, irin Sardauna a 1962 da Shagari a 2001, da Turanci suka fara fitarwa, kuma mulki da siyasa ne suka cinye yawancin shafukan. Suna da amfani ƙwarai, amma mai neman ɗakin tsohuwa irin Inna sai ya nema a wani wurin.

Muka sake rubutun daga farko. Wannan karon da fari muka buɗe, da tasoshin da aka sayar, da kuma ranar da muka ce wa abokanmu wata tsohuwa ce kawai. Wannan sakin layin ya fi kowanne wuyar rubutawa, domin a nan ba wanda za mu ɗora wa laifi. A nan ne kuma muka fahimci wasu halayenmu da muke zaton namu ne na kanmu. Gidanmu ba a zubar da ƙanzo. Mahaifiyarmu ba ta barci sai ta ƙirga mu, har bayan mun yi gemu. In almajiri ya yi bara a ƙofa, sai ta fito da kanta ta tambaye shi ɗan wane gari ne. Mun taso muna ganin wannan duka, ba mu san daga 1973 ya fito ba.

Da Kawu ya karanta, ransa ya ɓaci. Yana da hujja, ba za mu raina ta ba. Ya ce shekara arba'in da ɗoriya yana gina sunansa a garin nan, 'ya'yansa na neman aiki da takardar shaidar ƙaramar hukuma, 'yarsa ana maganar aurenta, yanzu mu ɗauki alƙalami mu sanar wa duniya cewa da yunwa suka shigo? Ya ce mu cire Nijar, mu cire yaron, sauran mu buga abinmu. Muka rasa ta cewa, domin labarin namu ne, amma shi ya taka hanyar da ƙafarsa.

Muka kai maganar gaban mahaifiyarmu. Ba ta karanta boko sosai, sai muka kunna mata muryar Inna. Ta saurara har wurin da aka ce ya bi masu dabbobi, ta ce mu mayar baya, ta sake ji. Sannan ta ce, "Ku sakaya sunan kawunku da unguwarsa, ya fi ku gaskiya a nan. Amma Yaya ku sa shi. In yana raye ya haura hamsin da yawa. Wataƙila yana da 'ya'ya, wataƙila wani cikinsu yana karatu."

Haka muka yi. A shafi na huɗu mun rubuta Ɗanjuma, ɗan wajen Tanut, akuya uku da raƙumi ɗaya, shekarar da aka canja kuɗi. Gaban laƙabin mun bar fili daidai faɗin suna ɗaya.